Yaran Managuwa da suka ƙirƙiro yare a filin wasa da cikin bas

Akwai wani lamari da ya faru a Nikaraguwa, can Amurka ta Tsakiya, tun ranar da na fara karanta shi ya ƙi barin raina. Yara ne kurame aka tara a makaranta don a koya musu magana da baki, maganar ta ƙi koyuwa, sai ga yaran sun haɗa wani yare nasu na hannu tun daga tushe, da nahawunsa da komai, malamansu na tsaye suna kallo basu san me ake cewa ba. Kusan duk yaren da ka sani a duniya an tashi ne an same shi ya riga ya tsufa, ba wanda ya ga ranar haihuwarsa. Wannan kuwa an gani da ido, an ɗauke shi a bidiyo shekara bayan shekara, kuma da yawa cikin waɗanda suka fara shi suna nan da ransu.

Bari in fara da yadda abin yake kafin makarantar.

Kafin ƙarshen shekarun 1970, yaron da aka haifa kurma a Nikaraguwa kusan a cikin gida yake ƙare rayuwarsa. Sama da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, toh ka ga yaro ya buɗe ido a gidan da kowa bakinsa na motsi shi kuma ba abin da ke shiga kunnensa, kuma ba kowa a gidan da ya iya maganar hannu da zai koya masa. Abin da irin yaran nan suke yi shine su ƙirƙiro 'yan alamu tsakaninsu da mutanen gida, a nuna ciki, a nuna hanya, a kwaikwayi shan ruwa ko tafiyar wane. Mutanen can suna ce ma wannan mimika. Kowane gida da nasa, in ka haɗa kurman wannan gida da na wancan gida ba lallai su fahimci juna ba. Abin da ya fi bani tausayi ma shine da aka zo aka gwada daga baya, sai aka ga iyayen da suka rayu da yaran nan shekara da shekaru su kansu basa gama gane abin da 'ya'yan nasu ke faɗi da hannu in bayanin ya ɗan yi tsawo. Wato mutum yana da abin faɗi a cikinsa, ya ma samo hanyar faɗinsa, amma babu mai karɓa.

An taɓa buɗe ƙaramar makaranta a Managuwa babban birnin ƙasar tun 1946 wadda take ɗaukar kurame, sai dai yaran 'yan kaɗan ne, suna gamawa kowa ya koma gidansu shikenan an rabu. Sai a 1977 aka buɗe wata cibiya ta ilimi na musamman a unguwar San Judas, ta fara da yara kurame wajen 50. A 1979 'yan juyin juya halin da ake kira Sandinista suka kifar da gwamnatin shugaba Somoza, sabuwar gwamnati ta shigo da zafinta akan ilimi da yaƙi da jahilci, aka faɗaɗa makarantar, aka kuma buɗe wata ta koyon sana'a a unguwar Villa Libertad don samari da 'yan mata kurame, ana koya musu irin su kafinta da ɗinki da gyaran gashi. Zuwa 1983 ɗalibai kurame a makarantun biyu sun haura 400. Ba a taɓa tara kurame masu yawan haka wuri ɗaya a ƙasar ba.

A cikin aji kuwa ba maganar hannu ake koyarwa ba. Tsarin da malamai suke bi shine a sa yaro ya zura wa leɓen malami ido ya karanta motsinsa, ya kuma yi ta ƙoƙarin fitar da sautin Sifaniyanci da bakinsa, sai ɗan nuna haruffa da yatsu. Wannan tunanin tsoho ne, tun taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya a 1880 aka yanke cewa koyarwa da baki ta fi, makarantu da yawa a duniya suka kori maganar hannu daga aji, kuma sai a 2010 magadan wannan taron suka fito a Bankuba ta Kanada suka janye hukuncin a hukumance. Ni dai bana ganin malaman Managuwa da mugunta, abin da aka koya musu suka yi kuma da niyyar taimako suka yi. Amma ka duba fa, yaron da bai taɓa jin sauti ba, bai ma san akwai wani abu wai shi kalma ba, an ce ya gane ta a leɓe. Mafi yawansu basu amfana da komai ba.

Sa'ar da aka yi ita ce ba a hana su motsa hannu a wajen aji ba. Lokacin tara, a filin wasa, a bakin titi, da cikin bas ɗin da yake kwaso su da safe ya mayar dasu gida, kowa ya zo da mimikar gidansu yana jefa wa ɗan uwansa. Wannan yayi alamarsa, wancan bai gane ba, a sake, a gyara, wadda ta fi sauƙi ta zauna, gobe kowa ita yake yi. Cikin 'yan shekaru suka tara alamu masu yawa da kowa ya yarda dasu, suna tsokanar juna suna ba da labari suna faɗa suna shiryawa. Malamai da farko sun ɗauka kwaikwayo ne kawai na yaran da suka kasa koyon Sifaniyanci. Da abin yayi yawa suka ga yara na hira su kuma an barsu a baya, sai ma'aikatar ilimi ta nemi taimako daga waje.

A watan Yunin 1986 Judy Kegl ta iso, masaniyar harshe ce daga Amurka da tayi karatu a jami'ar MIT kuma ta ƙware a maganar hannu ta kuramen Amurka. Ta fara da manyan da ke makarantar sana'a, ta ga suna da alamu da yawa amma kowa da irin yadda yake jera su, akwai maimaici, akwai dogaro da cewa wanda kake wa magana ya riga ya san zancen. Irin maganar da mutane masu yare daban-daban suke haɗawa in larura ta tara su. Da ta je makarantar ƙanana a San Judas sai ta tarar da wani abu daban. Ƙananan sun fi sauri, hannunsu baya fita nesa da jiki, alamun sun taƙaita, kuma akwai ƙa'ida da duk suke bi ba tare da wani ya zaunar dasu ya koya musu ba. Abin da hankali zai baka shine manya su fi iyawa tunda su suka fara. Ƙananan ne suka fi.

Nan ne gaskiya labarin yake da daɗi, don haka zan ɗan tsaya.

Wata mai binciken harshe daga Amurka, Ann Senghas, ta fara zuwa Nikaraguwa a 1990, ita da abokan aikinta suka kasa masu yaren sahu-sahu bisa shekarar da mutum ya shigo cikin jama'ar kurame: sahun farko waɗanda suka shigo kafin 1984, na biyu daga 1984 zuwa 1993, na uku bayan nan. Ɗaya daga abubuwan da suka gano shine yadda sahu na biyu suka mayar da sararin da ke gaban mai magana ya zama nahawu. Ace kana ba da labari, ka yi alamar "gani" ka karkata ta hagu, ka kuma yi alamar "biya" ka karkata ta hagun dai, a wurin 'yan sahu na biyu wannan na nufin mutumin da aka gani shine aka biya. 'Yan sahun farko suna karkata hannu su ma wani lokaci, amma a wurinsu bata ɗauke da wannan ma'anar, in ka nuna musu zasu iya cewa ko shi aka biya ko wani. Ƙannen sun ga wani motsi da yayyensu ke yi ba da wata manufa ba, suka ɗora masa aiki, ya zama doka. Kuma waɗanda suka yi wannan aikin yara ne da suka shigo yaren basu kai shekara 10 ba.

Sai wani gwajin da aka wallafa a mujallar Science a 2004, Senghas da Sotaro Kita da Asli Özyürek suka yi shi, lokacin masu yaren sun kai wajen 800. An nuna wa mutane katun, wata kyanwa ta haɗiye ƙwallo mai nauyi tana mirginawa tana gangarawa akan titi, aka ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Masu ji da suke magana da Sifaniyanci in suna bayani hannunsu yana yin motsi ɗaya ne, mirginawa da gangarawa a haɗe, kamar dai yadda abin ya faru. 'Yan sahun farko su ma galibi haka suka yi. 'Yan sahu na biyu da na uku kuwa sai suka raba abin gida biyu, alamar mirginawa daban, alamar gangarawa daban, a jere, wani lokacin ma mirginawa, gangarawa, mirginawa. Da farko zaka ce ai wannan koma baya ne tunda motsi ɗayan ya fi kama da abin da ido ya gani. Amma ka tuna yadda kowane yare yake aiki, ana datsa abu ƙanana-ƙanana ne a sake haɗawa. Da zarar "mirginawa" ta tsaya da ƙafarta zaka iya haɗa ta da hawa, da shiga, da fita, ka faɗi abin da ba a taɓa faɗi ba. Ba wanda ya nuna wa yaran nan haka, a gida basu gani ba, a aji basu gani ba, wurin yayyensu ma kaɗan suka gani.

Toh duk wannan akan yaren kansa ne. Tambayar da ta fi damuna ita ce me yaren yayi wa tunanin masu shi, kuma nan ma an samu amsa, tunda ga mutane a gari ɗaya, makaranta ɗaya, duk kurame, bambancinsu kawai wasu sun samu yaren yana ɗanye wasu sun same shi ya nuna.

Jennie Pyers da Senghas suka yi wani gwaji a 2001. Akwai wani mataki da yara suke takawa wajen shekara 4, inda yaro yake gane cewa abin da ke cikin kansa ba lallai shine a cikin kan wani ba, mutum zai iya yarda da abin da ba haka yake ba kuma yayi aiki da wannan kuskuren. An gwada wannan da hotuna don kada rashin kalma ya hana mutum amsawa. Misali yaro yana wasa da jirgin ƙasa na roba, ya tura shi ƙarƙashin gado ya fita, ƙaninsa ya zo ya ɗauke ya sa a akwatin kayan wasa, yayan ya dawo, ina zai duba? Sai a baka hoto biyu ka zaɓi wanda ya dace ya zama ƙarshen labarin. Duk wanda ya taka wancan matakin zai ce ƙarƙashin gado, don yayan bai san an ɗauke ba. 'Yan sahu na biyu, waɗanda a lokacin matasa ne, sun amsa daidai. 'Yan sahun farko, manya da suka haura shekara 20, mafi yawansu suka zaɓi akwatin.

Wallahi da na fara karanta wannan sai da jikina yayi sanyi. Mutane ne fa masu aiki, masu hulɗa da jama'a, ba wani abu da ya samu ƙwaƙwalwarsu. Da aka duba yadda suke ba da labari sai aka ga inda gizo ke saƙa, kalmomin da suka shafi abin da ke cikin zuciya irin su sani, zato, tunani, rashin sani, 'yan sahu na biyu suna ta amfani dasu, 'yan sahun farko kuwa da ƙyar kake ganinsu a hannunsu, wasu ma ko ɗaya basu yi ba. Kalmomin so da buƙata kowa yana dasu. Na "ya zata" da "bai sani ba" ne babu.

Sai aka koma a 2003 aka sake gwada su. A tsakanin shekara biyun nan 'yan sahu na biyu sun girma sun gama makaranta sun fara zuwa ƙungiyar kurame inda manyan suke zama, aka shiga cuɗanya ana hira. Sai ga manyan sun ɗauki kalmomin nan daga hannun ƙannensu, kuma da aka kawo gwajin hotunan sun fi yadda suka yi a baya nesa ba kusa ba. Masu binciken sun lura cewa kalmomin ne suke fara zuwa sannan fahimtar ta biyo baya. Wannan ya nuna min abu biyu a lokaci ɗaya, rashin yare yana iya riƙe wani ɓangare na tunanin mutum har ya girma, kuma ƙofar bata rufe gaba ɗaya ba tunda mutum yana dab da shekara 30 ya samu kalmar kuma tunanin ya buɗe. An wallafa wannan a 2009. Gaskiya ne mutanen da aka gwada basu kai 20 ba gaba ɗaya, wannan adadi kaɗan ne kuma ya kamata a faɗa, amma ya dace da abin da aka gani a wasu ƙasashe, inda yara kurame 'ya'yan kurame da suka tashi da maganar hannu tun suna goye suke taka matakin nan akan lokaci, 'yan uwansu da suka samu yare a makare kuma suke jinkiri.

An ga irin haka a wajen gane wuri. 'Yan sahun farko basu da tsayayyar hanyar cewa abu yana hagun wani abu ko damansa, kuma da aka ɓoye abu a kusurwar ɗaki aka jujjuya su aka ce su nemo, sun fi 'yan sahu na biyu kuskure.

Lissafi kuma wani labarin ne, kuma ya shafi waɗanda basu taɓa shiga makarantar ba sam. Elizabet Spaepen da Marie Coppola da Susan Goldin-Meadow da wasu sun yi aiki da manya 4 a Nikaraguwa waɗanda har girmansu mimikar gida kawai suke da ita, aka wallafa a 2011. Mutanen nan suna aiki suna riƙe kuɗi, sun san wace takardar kordoba, kuɗin ƙasar, ta fi wace daraja, suna ɗaga yatsu su nuna yawa. Amma in aka ƙwanƙwasa musu hannu sau 2 ko 3 aka ce su rama daidai sai su rama, in ya wuce 3 sai amsar ta fara zama ta kusa-kusa, a yi 6 su yi 5 ko 7. An gwada masu ji 'yan ƙasar da basu yi boko ba, sun yi daidai. An gwada kuramen da suka iya maganar hannu ta Amurka, sun yi daidai. Kenan ba kurumta ba ce kuma ba rashin zuwa aji ba ne, abin da suka rasa shine jerin nan na ɗaya, biyu, uku, huɗu da yaro yake haddacewa tun bai san amfaninsa ba, wanda daga baya shi yake rataya kowane adadi a jiki.

Masana basu haɗu akan fassarar lamarin ba. Masu bin ra'ayin masanin harshe Noam Chomsky suna cewa ga hujja nan ƙarara, an haifi ɗan Adam da shirin nahawu a ƙwaƙwalwarsa, ka bashi ɗan abu kaɗan zai fitar da yare. Wasu irin su Laura Polich, wadda ta bi tarihin kuramen ƙasar, suna cewa a dubi jama'ar, ai kurame sun daɗe a Nikaraguwa da irin wannan ƙwaƙwalwar amma yare bai fito ba sai da aka tara su da yawa, suka daɗe tare har suka balaga, suka fara ganin kansu a matsayin al'umma. Akwai kuma masu tunatarwa cewa yaran basu tashi a cikin kwalba ba, sun ga yadda masu ji ke motsa hannu in suna magana, daga baya kuma an yi cuɗanya da kuramen wasu ƙasashe har an ari wasu alamu.

Ni a ganina mutum 4 ɗin can masu mimikar gida sun raba gardamar. Kowannensu yana da ƙwaƙwalwar da yaran San Judas suke da ita, kowannensu ya ƙirƙiro alamu masu ɗan tsari shi kaɗai, wanda hakan ke nuna shirin yana nan a ciki. Amma a nan ya tsaya, don ba wanda zai mayar masa da magana da irin yarensa, kuma ba ƙaramin yaro da ya zo bayansa ya karɓa ya gyara. Sahun farko sun tara kayan gini, ƙannensu suka zo da ƙwaƙwalwar yarinta suka ɗora, sannan abin ya juyo ya koma sama ya amfani manyan. Shi yasa raina yake ɓaci in naji ana ba iyayen yaro kurma shawarar su hana shi maganar hannu wai kada ta hana shi koyon magana da baki, ana jira shekara 3, shekara 5, alhali shekarun nan sune waɗanda yaro ya fi buƙatar yare ko wane iri ne.

Su kuramen Managuwa basu tsaya jiran masana su gama gardama ba. A 1986 suka kafa ƙungiyarsu, wadda daga baya ta zama ANSNIC, ƙungiyar kurame ta ƙasa, kuramen Suwidin suka tallafa musu, suka fitar da ƙamus na yarensu a 1997. Kegl da mijinta suka buɗe makaranta a Bluefields da ke gaɓar tekun Karibiyan a 1995, inda kurame 'yan ƙasar suke koyar da yara da yaren kai tsaye. A 2009 majalisar dokokin Nikaraguwa ta zartar da doka mai lamba 675 wadda ta amince da shi a matsayin yaren kuramen ƙasar. Har yanzu dai akwai kurame a ƙauyukan da ke nesa da makarantun nan waɗanda mimikar gida kawai suka sani, wasu sun manyanta, kuma malamai kurame daga cikin waɗanda suka koyi yaren a filin wasa suna cikin masu fita neman yaran don a kawo su cikin 'yan uwansu tun da sauran ƙuruciya.